Igiya a Wuyan Sabon Moto

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, a ita na dawo Wudil da zama. Masaƙar da nake wa aiki a Kano ta rage ma'aikata, ni kuwa ina cikin waɗanda aka rage. Na kwaso akwatin kayan aikina, na kama wani ɗan shago a bakin titi kafin a kai gada, na sa aka rubuta da fenti a jikin ƙyauren cewa ana gyaran moto da naɗin kwayil, wato wayar da ke naɗe a cikinsa. Moto shi ne injin da wutar lantarki ke juyawa, shi kuma ya ja wani injin, kamar na famfon ruwa ko na niƙa. Su na yi shekaru ina kiwo a masaƙa, manya da ƙanana, har na kai ga in na shiga ɗakin da suke gudu, tun daga bakin ƙofa nakan ware wanda ba shi da lafiya.

Yawancin moton da ake kawo mini a ce ya ƙone, ba daga wuta ciwon ya faro ba, daga boris ne. Boris zobba biyu ne na ƙarfe, ƙarami a cikin babba, da ƙananan ƙwallaye a tsakaninsu. A kan boris biyu sandar moto take juyawa, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kuma boris ba ya mutuwar fuju'a. Sai ya yi ta kuka yana faɗin abin da ke damunsa, wani lokaci har watanni, sai dai mutanenmu ba sa jin injin sai ya yi hayaƙi. Abin da nake yi bai taka kara ya karya ba. Nakan ɗora bakin doguwar sukundireba a kan gidan boris, in manna mariƙinta a ƙashin bayan kunnena, in rufe ido. Lafiyayye shuu kawai yake yi, kamar ana tankaɗe a gidan maƙwabta. Wanda ya rasa giris yana wani siririn fito, wanda yashi ya shiga yana ƙas-ƙas, wanda hanyarsa ta yi rami kuwa gurnani yake yi mai bugu a ciki. Bayan kunne sai tafin hannu. In ba za ka iya barin hannunka a kan gidan boris har ka karanta Fatiha ba, to kashe injin ka nemi mai gyara.

A bayan gari, ta hanyar da ke gangarawa fadama, akwai rumfar injin casar shinkafa ta wata ƙungiyar manoma. Injin dizal ne mai silinda ɗaya yake jan ta, tsoho, baƙi wuluk, wanda in ya tashi ana jin bugunsa har bakin kogi. Girgizarsa kuwa, in ka ajiye buta a kan dandamalin simintin da yake zaune, kafin ka gama gaisawa da mutane ta kama hanya ta bar inda ka ajiye ta. Mai kula da shi wani dattijo ne, aminin mahaifina marigayi, kowa Baba mai inji yake ce masa. Mabuɗin rumfar yana hannunsa tun ranar da aka kafa ta. Mutum ne mai tsauri, ba ya dariya a wurin aiki, kuma matan da ke aiko da shinkafa daga Dagumawa da Achika sun san ko ƙwayar da ta faɗi ƙasa sai ya sa an share an mayar a buhun mai ita.

Tun ina Kano, kafin in dawo, ƙungiyar ta haɗa ƙarfi ta sayi sabon moto, saboda dizal ya yi wuya a ƙarshen mulkin soja, ga shi kuma an jawo wuta mai layi uku ta kusa da rumfar. Mutanen dillalin da ya sayar suka zo, suka ɗaure shi da notuna a kan dandamalin nan gefen tsohon injin, suka haɗa waya, suka ɗan gwada shi a gaban shugabannin ƙungiya. Ya juya shiru, lafiya ƙalau. Suka kashe suka koma Kano.

Abin da ya rage kawai a sa masa bel ya kama aiki. Amma a wurinmu sabon abu irin wannan ba ya fara aiki haka kawai kamar an sayo tsintsiya. Sai an sa rana, an kafa rumfa, an yanka rago, wani babba ya zo ya yanke ƙyalle ya danna maɓalli da hannunsa. To a nan gizo ke saƙa, domin a lokacin ba wanda ya san wane ne babba. Mutanen soja suna haɗa kayansu, in ka gayyace su ka ɓata wa masu shigowa. Masu shigowa kuma ba a san su ba sai an yi zaɓe. Da aka yi zaɓen aka ce a bari a rantsar da su. Da aka rantsar da su aka ce a bari su ɗan zauna, yanzu kowa na kansu. Ana cikin haka damina ta faɗi, kowa ya shige gona. Shugaban ƙungiyar, wani Alhaji mai sayar da taki, ya ce moto amana ne a hannun Baba, kada wanda ya kuskura ya taɓa shi har ranar. Tsohon dizal ya ci gaba da bugunsa kullum daga hantsi zuwa la'asar, sabon moto yana gefensa lulluɓe da leda kamar amarya.

Sai bayan kaka aka yi bikin. Wani mai muƙami ya zo daga Kano da jerin motoci, aka yi ta jawabai a kan romon dimokuraɗiyya, wanda a lokacin kowa ya iya faɗinsa amma ba wanda ya ɗanɗana tukuna. Ina wurin, can baya wajen masu rake. Aka yaye leda, aka ɗauke bel daga kan dizal aka mayar kan moto, baƙo ya danna, aka ɗauki kabbara da tafi. Tsakanin kalangu da maroƙa ko jirgi ne ya wuce ba mai ji, balle boris.

Ba a jima ba moto ya fara gurnanin da ko kurma sai ya waiga, gabansa kuma yana zafin da ba a iya dafawa. Zancen ya faro daga teburin mai shayi. Kowa ya san labarin makanikai da masu gadi a kamfanonin Kano da ke zare sabon boris su sa tsoho, su kai sabon kasuwa. Ana yi, ni kaina na ga wanda aka kora a kan haka. Sai aka ɗauko labarin nan ɗungurungum aka jingina wa Baba. Hujjar kuwa mai sauƙi ce: ranar gwaji shiru moton yake, mabuɗi guda ne, kuma a hannun mutum guda yake. Ga shi an san Baba bai ɓoye ɓangaren da ya zaɓa ba, ɓangaren kuma ya faɗi, sannan akwai wani na hannun daman Alhaji da ya daɗe yana hangen mabuɗin nan. Ban ce siyasa ce ta haifi zargin ba, amma ita ta koya masa tafiya. A ƙarshe shugabannin ƙungiya suka yanke cewa ranar Alhamis bayan la'asar, a gaban mai unguwa, Baba zai dafa Alƙur'ani ya rantse bai taɓa cikin moton ba. In ya ƙi, a karɓe mabuɗi.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga shi a shagona da hantsi. Bai taɓa zuwa ba. Na miƙe na kakkaɓe masa benci, na durƙusa.

"Baba, barka da hantsi. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya tsohuwarka, ƙafar da sauƙi?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya gajiya, ya mutanen gida?"

"Duk lafiya. Ya aiki, ya kasuwa?"

"Mun gode Allah, Baba."

Muka yi ta yi har gaisuwar ta ƙare, ba abin da ya rage sai maganar da ta kawo shi. Ya ɗan jima yana kallon wani buɗaɗɗen moto da ke yashe a ƙasa.

"Ka ji abin da ake faɗa," in ji shi.

"Na ji, Baba."

"Rantsuwa ba ta ba ni tsoro, ban ɗauki komai ba. Amma kai yaro ne, bari in gaya maka. Mutum kamata, da furfurarsa, in har aka kai ga miƙo masa Alƙur'ani a gaban jama'a, to ko ya dafa ya tashi lafiya an gama da shi. Jikokina za a riƙa nunawa ana cewa ga jikokin wanda aka rantsar. An ce kai kana jin maganar injin. Zo ka ji mini abin da yake cewa. In kuma ni yake kira, ka faɗa mini, kada ka duba tsakanina da mahaifinka."

Na ɗauki sukundireba muka tafi. Ya tayar da moton, na saurari gaba, na saurari baya. Gurnani ne mai bugu, bugun kuma a jere yake, ba ya sauri ba ya jinkiri. Gaba ya fi ƙara, amma waƙa ɗaya suke yi da baya, abin da ban saba ji ba a tsofaffin boris, domin kowane tsoho da irin nasa tarin. Na ce ya kashe. Muka sauke bel, na kama fuli, wato faifan ƙarfen da bel ke hawa, na juya shi da hannu a hankali. Sai ya tafi ya ɗan cije, ya tafi ya ɗan cije, kamar kana jan carbi ƙwaya bayan ƙwaya. Na haska notunan murfin gaba da na baya. Fentin kamfani ya lulluɓe su har da jikin murfin, bai fashe ba ko ta ina. Sifana ba ta taɓa hawa kansu ba.

Ina shirin miƙewa na ga wani wuri a jikin fulin da fenti ya goge ya yi fari, da wani irinsa a ƙafar moton.

"Baba, me ya goge fenti a nan?"

Fuskarsa ta ɗan saki, karo na farko tun da ya shigo shagona.

"Igiya ce. Yaran unguwar nan ba su da aiki sai zura hannu ƙarƙashin leda suna juya fulin, wai su suna tuƙa mota. In na kore su da sanda, ina juya baya sun dawo. Sai na samo igiyar rama na ɗaure shi tam a jikin ƙafarsa. Wallahi tun daga ranar har ranar da baƙo ya zo ko gezau bai yi ba. Ka gaya musu wannan. Mutumin da ya hana yaro taɓa abu, shi ne zai zauna ya kwance cikinsa?"

Ya je ya sauko da igiyar daga kan ƙusa ya nuna mini. Ta sha baƙin mai, amma a naɗe take tsaf.

A masaƙa muna da moto na ajiya, waɗanda ke jiran ranar da wani zai lalace. Nesa da ɗakin saƙa ake ajiye su, a kan katako, kuma duk mako mai kula da sito yakan bi su yana juya sandar kowane da hannu. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka wasa ne. Dalilin shi ne, boris da ke tsaye cik a wurin da ƙasa ke rawa, kowace ƙwallonsa tana zaune ne a wuri ɗaya tana ɗan karkarwa. Sannu a hankali ta matse giris ɗin da ke ƙarƙashinta ya gudu, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ta yi ta gurzar wurin har ta haƙa wa kanta gurbi. In ana ɗan juya shi, ƙwallaye sukan sauya wurin zama, giris ya sake shiga, ba abin da zai faru. Moton nan ya yi sanyi, ya yi bazara, ya yi damina a ɗaure, a kan dandamali ɗaya da injin da ke sa buta tafiya. Yaran da Baba ke kora su kaɗai ne a garin nan suka yi wa moton abin da yake bukata.

Raina bai yi daɗi ba. Na mayar masa da igiyarsa na ce, "Baba, kada kowa ya sa sifana a jikin moton nan kafin Alhamis. A gaban kowa zan buɗe shi."

"Ni yake kira?"

"Bai ce ka yi sata ba."

Ya gyaɗa kai ya kulle rumfa. Abin da na faɗa gaskiya ne, iyakarta dai ke nan.

Ranar Alhamis rumfar ta cika har waje. Gobe kasuwa, amma mutane suka bar shirin kasuwa suka zo kallo, domin ba kullum ake rantsar da dattijo ba. Mai unguwa yana kan kujera, wani malami a gefensa riƙe da Alƙur'ani a cikin gafaka. Alhaji yana tsaye da babbar riga. Baba yana zaune a kan buhun ɓuntu, mabuɗin a tafin hannunsa, ba ya kallon kowa.

Na gaida mai unguwa, na roƙi a ba ni dama in buɗe moton kafin a buɗe gafaka.

Alhaji ya ce, "Injiniya, mun san tsakanin gidanku da Baba fa."

Na ce, "Shi ya sa ba ni zan kwance ba, Alhaji. Ka zaɓi wanda ka yarda da shi ya riƙe sifana, ni baki kawai zan sa."

Ya zaɓi mutumin nasa mai hangen mabuɗi, na kuwa ji daɗin haka. Kafin ya ɗora sifana na sa mai unguwa ya taso ya duba fentin notunan da idonsa. Da aka murɗa na farko, fentin ya fashe ya zubo, kowa ya gani. Wani daga baya ya ce ai ɓarawo ma ya san hanyar shagon fenti. Aka yi dariya. Amma maganarsa ba wauta ba ce.

Aka cire fuli, aka zare murfin gaba, aka jawo boris. Na wanke shi da kananzir a cikin kwano, na fasa ragar da ke riƙe ƙwallayen, na zazzage su, na raba zobban biyu. Na goge babban zoben da tsumma na miƙa wa mai unguwa, na ce ya karkata shi wajen haske ya faɗi abin da ya gani.

Ya ce, "Ina ganin tabo-tabo, ja-ja, kamar tsatsa. A jere suke."

"Tsakanin tabo da tabo fa, ranka ya daɗe?"

"Fes, kamar madubi."

Na ɗauki ƙwallayen na jera su a cikin zoben yadda raga take riƙe su. Kowace ƙwallo ta faɗa kan tabo ɗaya, ba ragi ba ƙari. Na ce tsohon boris da ya yi shekaru yana gudu hanyarsa gaba ɗaya take cinyewa, ta dushe zagaye guda, kamar turbar da aka daɗe ana bi. Wannan kuwa hanyarsa sabuwa ce fil, ba ta ga aiki ba, sai gurabun da ƙwallaye suka haƙa suna zaune. Da a ce da guduma aka buga shi wajen sawa, da ramukan fari za su yi, ba ja ba. Boris ɗin da kamfani ya sa ne, ba a taɓa sauya shi ba, kuma a tsaye ya lalace.

Alhaji ya ce, "A tsaye? Abu yana ajiye a cikin leda ya lalace?"

Na ce a kawo ruwa a kofi. Na ɗora kofin a kan moton, na ce a tayar da dizal. Mutum biyu suka murɗa hannunsa, ya yi tari ya kama. Ruwan ya fara rawa yana fantsalowa, kofin ya soma zamewa, sai da na tare shi da hannu. Aka kashe dizal. Ba wanda ya sake tambaya.

Mai unguwa ya juya wajen malamin ya ce ya mayar da Alƙur'ani gida, ba a wasa da shi. Sannan ya ce wa Baba, da ƙarfi yadda na waje za su ji, an zalunce shi, kuma duk wanda ya sake maimaita zancen nan shi da shi ne. Alhaji ya matso ya durƙusa da babbar rigarsa a cikin ɓuntu ya ce Baba ya yafe, zato zunubi ne. Na yaba masa da wannan. Da ya miƙe ya tambaye ni, to in ba wanda ya taɓa shi, wa za a ce ya ɓata shi.

Na ce, "Jira, Alhaji. Jiran babban baƙo."

Amsar ta yi wa kowa daɗi, domin jiran na kowa ne, laifin da aka raba wa mutum ɗari kuwa ba ya yi wa kowa nauyi. Aka fara raha, wani ya ce to wannan ma a rubuta shi a lissafin soja. Na fara tattara kayana. A ganina aikin ya ƙare a inda ya kamata ya ƙare, igiya kuwa tana rataye a kan ƙusarta, ba wanda ya kula da ita.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Ɗan nan, ina da tambaya."

"Na'am, Baba."

"Jiran dai an yi shi, dole ce ta sa. Amma akwai abin da da an yi masa a cikin jiran da bai lalace ba?"

Na so in ce sai dai a ɗauke shi daga kan dandamalin, wanda shi ma gaskiya ne. Amma ya kafe ni da ido, kuma shi ne mutumin da ya ce kada in duba tsakaninsa da mahaifina.

"Da ana ɗan juya shi da hannu lokaci-lokaci, Baba, da da sauƙi."

"Juyawa kawai."

"Juyawa kawai."

"Irin wadda yara ke yi."

Baba ya miƙe, ya je ya sauko da igiyar, ya ajiye ta a gaban mai unguwa, ya ba da labarinta daga farko har ƙarshe, yadda ya ba ni, sai dai yanzu fuskarsa ba ta saki ba. Mai unguwa ya ce ai wannan ba laifi ba ne, tsare amana ne, kuma ba wanda ya gaya masa. Alhaji ya ce shi ne ma ya ce kada a taɓa. Mutane suka yi ta cewa haka ne, haka ne. Ni ma na ce ko ba igiya, da wuya yara su cece shi gaba ɗaya, wanda ban tabbata ba ko gaskiya ne.

Baba ya saurare mu duka har muka gama. Sannan ya ce, "Na gode. Amma shi ɓarawon da kuke nema, da akwai shi, ai da ya san abin da yake yi."

Ya miƙa wa Alhaji mabuɗi. Alhaji ya ƙi karɓa, mai unguwa ya sa baki, aka yi ta ja har aka kira magariba. A ƙarshe ya mayar da shi aljihu, don an ce in ya ajiye shi yau, gobe a kasuwa za a ce kora ce. Washegari na je Kano na sayo boris biyu na sa, na kuma sa aka yanke dandamalin tsakanin injinan biyu aka cika tsagar da yashi. Moton ya koma shuu.

Sunansa ya wanku tas. Matan Dagumawa da Achika suka ci gaba da aiko da shinkafarsu, ba a nuna jikokinsa da yatsa ba. Sai dai in muka haɗu a masallaci yakan amsa gaisuwata cikakkiya, har da tambayar ƙafar tsohuwata, amma bai sake kallona ido cikin ido ba. Ban ji haushinsa ba. Na ji tausayinsa, kuma na san tausayi ne abin da ya fi ƙi, don haka na bar shi a cikina.

Da bazara ta zagayo taransifomar unguwar ta ƙone, aka shiga wani jiran, wannan karon na masu gyaran wuta. Aka mayar da bel kan tsohon dizal, moto ya sake zama. Wata ranar da hantsi na bi ta wajen zan duba famfon wani mai lambu a fadama. Dizal yana bugu, ƙofar rumfa a buɗe. Moton ba leda ba igiya. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, ba sanda a hannunsa, yana yafito wasu yara da ke wasa a gindin darbejiya.

"Ku zo mana. Ku zo ku tuƙa motar taku. Ba abin da zan yi muku."

Yaran suka tsaya cirko-cirko suna kallonsa daga nesa. Ya ɗan tako zuwa wajensu, suka watse a guje, har ɗaya ya bar takalminsa. Ya jima a tsaye a wurin. Sannan ya koma ciki, ya naɗe hannun rigarsa, ya sunkuya ya kama fulin da hannu biyu yana juyawa a hankali.

Bai gan ni ba, ni kuma ban yi sallama ba. Na wuce fadama.